Malam Kalilu Ɗaga-Harshe

A Jibiya idan ka ce Malam Kalilu, sai an tambaye ka wanne, don masu sunan suna da dama. Amma ka ce Ɗaga-Harshe, tun daga bakin kasuwa har ƙauyukan da ke hayin iyaka, cikin ƙasar Faransa, babu wanda zai sake tambayarka. Shi ne malamin asibitin da aka kawo ɗakin shan magani na garin a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin, gajere, siriri, kullum cikin wandon kaki da farar riga mai warin aidin.

Mutumin Riko ne, ɗan manoma. An kama shi elementare yana kuka, ya fito da ƙwaƙwalwa, aka tura shi koyon haɗa magani. Aiki kam ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Kafin rana ta ɗaga ya wanke manyan kwalabensa ya kife, ya goge ɗan sikelinsa, ya auna gari, ya niƙa a ɗan farin turmi, ya tace da mazurari. Ga kwini na masassara, ga man zurma na wanke ciki, ga shuɗin magani na gyambo. Mai kurkunu ya zo da ƙafa kamar turmi, Kalilu zai zauna ya naɗe zaren a tsinke a hankali, bai taɓa tsinka ko ɗaya ba. Ba ya cin hanci, ba ya karɓar ko ƙwan zabo. Kuma wallahi da ɓarawo ne mai fara'a, da mutanen Jibiya sun fi jin daɗinsa.

Abin da ya mai da shi haka, malamin da ya gada ne. Wancan malamin ya riƙa sayar wa fatake farar ƙwayar nan da ake kira emanbi, su kuwa su ƙetara da ita Maraɗi, inda take da tsada kamar zinariya. Asiri ya tonu, aka ɗaure shi da igiya ran kasuwa aka wuce da shi Katsina. Kalilu ya gan shi da idonsa a can, cikin ayarin fursunoni, kai a aske, yana ɗauke da bokitin bahaya. Wannan bokitin bai sake fita daga ransa ba. Ran da ya kama aiki ya tsaya a ƙofar ɗakin magani ya rantse a gaban jama'a, cewa ruwan magani kowa ya kawo kwalbarsa a zuba masa ya tafi gida, amma ƙwaya ko ɗaya ba za ta ƙetare dokin ƙofar nan ba sai a cikin cikin mutum.

To, ga yadda ake shan ƙwaya a wurinsa. Ka miƙa tafi ya zuba maka, ka watsa a baki, ya miƙo moɗa ka kora. Sa'an nan ya ɗauko wani faffaɗan tsinke ya ce, "Buɗe. Ɗaga harshe. Kumatu." Ya leƙa ƙarƙashin harshe, ya janye kuncin dama, ya janye na hagu. Tsoho mai furfura, liman, matar aure, Bafillatanin da kunya ke hana shi cin abinci a gaban mutane, duk sai sun wangame baki a bainar jama'a kamar ana duba haƙoran jaki a kasuwa. Wanda ya kama da ƙwaya a ɓoye kuwa ya shiga uku. Sai ya riƙe masa haɓa ya ɗura masa ruwa, yana faɗin sunansa da na ubansa da ƙarfi don na ƙarshen layi su ji. Fuskar mutane ba ta dame shi ba, ba ya ma kallonta. Da baki ya san garin: wane ba shi da turame, wance dasashinta baƙi ne, wane taba ta cinye masa haƙora.

A gida yana da mace ɗaya, Salmatu, mutuniyar Mazanya, mai wushirya, haƙoranta jawur da fure. Tun da ya zama ma'aikaci ya sa ta kulle, ko zaure ba ta leƙawa da rana. Sun haifi 'ya'ya, Allah ya karɓi abinsa ɗaya bayan ɗaya, bai bar masu kowa ba sai ta farin, Barira. 'Yar fari kuwa kun san yadda take. Uwa ba ta kama sunanta, uba ba ya yi mata wasa, a gaban mutane sai ka ce ɗiyar maƙwabta ce. "Yarinyar can" suke ce mata su duka biyu. Amma Kalilu yana sonta, so mai tsanani. Tana ƙarama sai ya sayi alewa ya ba matar maƙwabcinsa, ya ce ta ba yaran unguwa, alhali ya san yarinya ɗaya ce ke wasa a gidan. Da ta girma ta ce Nagoggo take so, wani majemi daga wani ƙauye a hayin iyaka, tafiyar hantsi daga Jibiya. Aka ba shi, ta tare.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Da bazara ciwon ya sauka, zafi kamar a tanda, mutum ya kwanta da ciwon kai, kafin a ankara wuya ya ƙage ya lanƙwashe baya. Faransawa suka gitta igiya a hanya, suka zuba 'yan sandansu da ake kira gardi, suka ce mai lafiya ma sai da dalili, marar lafiya kuwa ba ya fita daga ƙauyensu. A bayan gari ake kafa masu rumfunan zana a zube su, ana jiran likitan Maraɗi, wanda ƙauyuka suka yi wa yawa. A Jibiya kuma gwangwanin emanbin Kalilu kullum ƙasa yake yi, motar da ke kawo magani daga Katsina shiru.

Akwai wata tsohuwa, Ma'u, mai sayar da fura a gindin tsamiyar da ke ƙofar ɗakin maganin, ita ce kuma ke wankan gawar mata a unguwar. Ɗanta Manu, saurayi majiyi ƙarfi, ciwon ya kama shi a gona can wajen Daddara. Ta roƙi Kalilu ƙwaya ta kai masa. Ya ce a kawo shi. Ta ce wuyansa ba ya hawa jaki. Ya ce a kawo shi. Washegari ta shiga layi ta ce kanta ke ciwo, ta cusa ƙwayoyin a kunci. Ina! Tsinke ya tono su. Ya riƙe mata haɓa ya ɗura mata ruwa, yana cewa a zo a ga tsohuwar banza mai satar maganin gwamnati. Aka ɗauko Manu a kan ƙyaure, bai iso ba, a hanya ya cika. Bayan sadakar uku Ma'u ta koma gindin tsamiya da ƙwaryar furarta. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa Allah ya isa ba. Ido kawai ta zuba wa tsinken nan, tun safe har a tashi.

Ba a daɗe ba, wata safiya Kalilu yana zaure da maƙwabta biyu suna gaisawa, sai ga surukinsa Nagoggo, ƙafa duk ƙaya, ta daji ya zagayo gardi. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Baba, mai ɗakina ce," in ji shi. "Wuya ya ƙage. Sun fid da ita bayan gari."

Kalilu ya yunƙura zai tashi. Amma ga maƙwabta suna kallo, kuma 'yar fari ce. Ya gyara zama ya ce, "A kawo ta."

"Gardi ba su bari, Baba. Ni ma da ƙyar na zille."

"To, Allah shi sawwaƙe. Ƙwaya ba ta fita, doka ce."

Doka ce, in ji shi! Dokar da shi ya kafa ta da bakinsa, babu Baturen da ya ce masa ya duba kuncin kowa. Nagoggo kuwa suruki ne, ba ya ja da uban matarsa. Ya ce, "To, Baba," ya ja da baya ya koma gindin katanga ya tsuguna.

A ransa Kalilu ya riga ya yi shawara. Idan motar Katsina ta zo, gobe ko jibi, zai roƙi babban likitan da ke zuwa tare da ita izini ya ɗauki akwatinsa ya ƙetara a sarari, da takardar hukuma, ba wanda zai ce ya saci komai. Shawara ce mai kyau, in da sanƙarau yana jiran mota. Bai gaya wa kowa ba, don faɗin ma nuna damuwa ne. Ya shiga cikin gida ɗaukar mabuɗi, ya iske Salmatu tsaye a bayan zana, ta ji komai.

"Malam," ta ce, "yaron mutane ya sha tafiya. Haka za ka sallame shi hannu wofi?"

"Ki dama mashi fura," ya ce, ya fice.

Ranar layi ya kai har bakin kasuwa. A lokacin annoba duk wanda ya ce kansa da wuyansa na ciwo ana ba shi ƙwaya, ba a tsayawa dogon bincike. Kalilu yana zubawa, yana ɗurawa, yana leƙawa, hankalinsa yana hayin iyaka. Rana ta take tsaka, ya karkata gwangwani ya ga saura kaɗan a gindi, na mutum ɗaya. Wata mata lulluɓe da tsohon mayafi ta matso, ta nuna kai ta nuna wuya, ba ta yi magana ba. Ya juye mata sauran a tafi, ta watsa, ta kurɓi ruwa.

"Buɗe," ya ce.

Ta sassauta mayafi ta buɗe. Wushirya ya gani, da jajayen haƙora. Bakin da ya fi sani a duniya. Salmatu ce, matar da ba ta taɓa taka ƙofar gida da rana ba, ta ari mayafin maƙwabciya ta ratso kasuwa ta shiga layi. Kuncinta na hagu ya ɗan tasa, ko makaho ya shafa ya san abin da ke ciki. Can bayan tsamiya ya hango Nagoggo tsaye da takalma a hannu, a shirye yake ya karɓa ya ruga.

Kalilu ya ɗaga tsinken. Ya leƙa ƙarƙashin harshe sama-sama, ya kau da kai, ya ce, "Wuce."

"A'a, Malam!" Muryar Ma'u ce daga gindin tsamiya. Ta miƙe, ludayi a hannu. "Kumatu fa? Mu dut kumatu kake duba muna. Ko wagga ba ta da su?"

Wata ta leƙa fuskar ta ce, "La, matar Malam ce!" Magana ta bi layi har ƙarshe. Kalilu ya dubi idanun da ke kansa, ya ga igiya, ya ga askakken kai, ya ga bokiti. Ya sa tsinke ya janye kuncin matarsa. Ga su nan farare, a jere, sun fara jiƙa.

"Haɗiye," ya ce.

"Malam, don Allah."

"Na ce ki haɗiye."

Sai Salmatu ta yi abin da ba a taɓa ji ba. Ta ɗaga kai a tsakiyar maza da mata, da ƙwaya a baki, ta ce, "Barira ce, Malam. Barira ce kwance. Ɗiyarka Barira."

Mata suka rufe baki. Tun ran suna ba ta taɓa furta sunan nan ba, ko a ɗaka, yau ga shi ta faɗe shi sau uku a bainar jama'a. Ma'u kanta ludayin ya faɗi daga hannunta. Ba ta san da zancen ba, ita dai rama take so, ba rai ba. Ta matso tana yarfa hannu, tana cewa, "Bar ta, Malam, bar ta ta tafi! Na janye. Wallahi ba mu ga komi ba." Wani dattijo a layin maza ya ce, "Ƙyale ta, Malam, ba mai kai ka ƙara." Nan da nan kowa ya ɗauka, a ƙyale ta, a ƙyale ta.

Kun ji fa, garin ya yafe masa. Hanya ta buɗe, babu abin da ya rage sai ya sauke hannu. Amma tausayin nan da suka nuna masa shi ya fi ƙona shi. Shi Ɗaga-Harshe, yau shi masu fura ke yi wa alfarma? Matarsa ta fito fili kasuwa, ta tona masa ciki, gobe kowa ya zo da nasa uzurin ya ce ai an yi wa matar Malam? Ya cika moɗa fal. Ya kama haɓar Salmatu da hannun hagu, kamar yadda yake kama ta kowa, ya matse, ya ɗura. Ta ƙware, ruwa ya bi wuyanta ya jiƙa mayafin aro. Ya jira maƙogwaronta ya motsa.

"Buɗe. Ɗaga harshe. Kumatu."

Babu komai. Lafiyayyar mace ta shanye ƙwayar ƙarshe da ke Jibiya. Ko da ƙwayoyin sun isa hayi za su tashi Barira, ko ba za su tashe ta ba, Allah kaɗai ya sani. Nagoggo dai ya sa takalmansa ya juya. Salmatu ta gyara lulluɓi ta koma gida, Kalilu ya ce na baya ya matso.

Motar Katsina ta zo ran da ta ga dama. Ya sami izininsa, ya ɗora akwati a keke, ya nuna wa gardi takarda suka ɗaga masa igiya har da sara masa. A bakin ƙauyen ya ci karo da mutane suna dawowa da fartanya da kwandon ƙasa, Nagoggo a tsakiyarsu. Surukin ya tuɓe takalma ya durƙusa ya ce, "Baba, sai haƙuri." Kalilu ya ce, "Haƙuri ya zama dole." Bai yi kuka ba, ba a yi wa 'yar fari kuka a gaban mutane. Ya rarraba maganin ga sauran da ke rumfunan zana, kowanne sai da ya duba masa baki.

Mutane sun zaci Salmatu za ta yi yaji ta tafi Mazanya. Ba ta tafi ba. Ta ci gaba da tuƙa masa tuwo, tana wanke masa farar riga, tana ce masa sannu da zuwa. Sunan nan bai sake fitowa daga bakinta ba, fure ma ta daina ci, haƙoran suka koɗe. Shi kuwa labarinsa ya kai Katsina, aka yaba, aka ƙara masa girma, aka ce a yi koyi da malamin Jibiya da bai bar ko matarsa ba. Dokar tasa sai ma ta ƙara tsauri. In ya sassauta wa wani yanzu, me zai ce wa kansa game da waccan ranar? Ma'u ce kaɗai ta sauya. Ta daina zama gindin tsamiya, ta koma shiga gidan da yamma, su zauna da Salmatu suna kaɗi.

Shekaru suka shuɗe, gari ya cika da zancen jam'iyyu da mulkin kai. Wata damina Salmatu ta kwanta da zazzaɓi da tari, haƙarƙari yana sukarta in ta ja numfashi. Kalilu ya duba ya gane ciwon, irin wanda emanbi ke kashewa kamar wasa. Yanzu kuwa kabad cike yake, gwangwani bisa gwangwani. Bai ce a kawo ta ba. Ya zuba ƙwaya a aljihun kaki, ya ƙetare dokin ƙofar da ya rantse a kansa, ya kai gida. Ashe dai ƙwayar tana iya fita.

Da hannunsa yake ba ta, safe da rana da maraice. Ya tallabe ta, ya zuba mata, ya miƙa moɗa. Ba ta taɓa gardama ba. Kuma saboda tsoro, da kuma hannu da ya saba, sai ya ce a hankali, "Buɗe in gani." Ta buɗe. Ta ɗaga harshe tun bai ce ba, ta janye kunci da yatsanta, dama da hagu, tana kallonsa cikin ido. Babu komai. Amma jiki kullum baya yake yi. Ya ƙara yawan ƙwayar, ya sauya gwangwani ko wancan ya lalace, ya zauna a bakin gado yana cewa, "Ki daure, maganin nan bai taɓa ba ni kunya ba." Ya ce zai kai ta Katsina, gulbi ya kawo ya datse hanya. Wani hantsi, yana ɗakin magani yana leƙa bakin wani, aka aiko ya zo.

Ma'u ce ta yi mata wanka. Maza suna zaune a ƙofar gida, makara a jingine, ana jiran a gama. Sai ga tsohuwar ta leƙo zaure ta ce a kira mata Malam. Ya taso ya same ta a soro, hannunta riƙe da zanen da aka cire wa mamaciyar. A haɓar zanen akwai ƙulli, ƙato kamar na goro. Ta kwance a gabansa. Ƙwayoyi ne farare, sun sha miyau sun bushe, sun manne da juna curi guda.

"A ganɗa take liƙa su," in ji Ma'u. "Harshe da kumatu kaɗai kake dubawa, sama ba ka taɓa kallo ba. Ta daɗe tana koyo, da ƙwayar gujiya."

Kalilu ya ƙura wa curin ido.

"Ba zubarwa ta yi ba, Malam, ka gani, ko ɗaya ba ta yar ba. Ƙulli ta yi masu irin na mai shirin tafiya." Ta juye masa curin a tafin hannu, ta naɗe zanen. "Halan Barira za ta kai ma."

Daga waje liman ya ce a fito da gawa rana na yi. Kalilu ya tsaya a soron da abin a hannunsa, ya rasa inda zai sa shi, har sai da aka sake kiransa.